Tsoho Mai Ran Ƙarfe: Kalmar “Hale” a Aji, a Jarida da Kuma a Rayuwar Malami

Jawabin da wani malamin Turanci, ɗan wannan reshe, ya gabatar a taron karrama malaman da suka ajiye aiki. Mun buga shi kamar yadda ya miƙo mana.



Kwamitin shirya wannan taro ya ba ni rabin sa'a, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na zaɓi kalma guda ta Turanci mai harafi huɗu, wato “hale”. Na san wasu za su ce taron karrama dattawa ai ba aji ba ne, me ya kawo darasin ƙamus? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Kalmar ta shafe mu ta fuska biyu. Mu ne muke koyar da ita, sannan waɗannan iyaye da ke zaune a sahun gaba su ne ainihin mutanen da masu harshen suka keɓe ta dominsu.

Duk wanda ya taɓa duba rubutun wasiƙa na ɗaliban sakandare ya san inda kalmar take kwana. Yaro zai rubuta wa abokinsa ko ƙanensa, kafin ya shiga maganar da ta sa shi ɗaukar biro sai ya yi fatan wasiƙar ta same shi “hale and hearty”. A cikin aji guda za ka ga wannan jimla sau talatin, kuma a fiye da rabi an rubuta “hail” maimakon “hale”. Wani ma “hell” zai rubuta, ya jefa abokin nasa wuta ba da niyya ba. Idan ka ajiye takardun yara ka buɗe jarida, nan ma ga ta. Gwamna ya yi wata guda ba a gan shi ba, kakakinsa ya ce yana nan “hale and hearty”. An kuɓutar da matafiya daga hannun 'yan bindiga, sanarwa ta ce an same su “hale and hearty”. Mace ta haifi 'yan uku, an ce uwa da jarirai duk “hale and hearty”. Kalmar da ake ja haka ta kowane ɓangare ta cancanci a zauna a tambaye ta asalinta.

A wurin masu harshen, “hale” siffa ce ta mai ƙoshin lafiya da ƙarfin jiki, amma da wani sharaɗi da ƙamusoshinsu ke nanatawa: galibi dattijo ake faɗa wa ita. Mutum ne da shekaru suka ja, tsararrakinsa da yawa sun kwanta ko sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa yana nan daram, yana tafiya da ƙafarsa, yana ci da haƙoransa, hankalinsa bai gushe ba. Akwai ɗan mamaki a cikin kalmar, akwai kuma yabo. Shi ya sa idan ka ce wa Bature ɗan shekara goma sha biyar yana nan “hale”, zai ji abin bambaraƙwai, kamar yadda Bahaushe zai ji idan aka nuna masa saurayi majiyi ƙarfi aka ce “ai har yanzu da sauran ƙwarinsa”. To da ina ƙwarin zai je?

Asalin kalmar ya fi ma'anarta ta yau daɗin ji. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, akwai kalmar “hal”, da wasali mai ja kamar na “kaka”. Ma'anarta cikakke, wanda bai fashe ba, bai tsage ba, ba a ɓantare masa komai ba. Ku tuna yadda iyayenmu mata ke sayen tukunyar ƙasa a kasuwa. Sai sun ƙwanƙwasa ta da yatsa sun kasa kunne. Idan ta yi ƙara tangaran, lafiyarta ƙalau, idan kuwa muryarta ta dushe, akwai tsagar da ido bai gani ba. Tukunyar da ta amsa tangaran ita ce “hal”.

Daga baya lafazin mutanen kudancin Ingila ya juya. Wannan dogon wasali na “a” ya koma “o” a bakinsu, har kalmar dutse ta zama “stone”, ta gida ta zama “home”, ta ƙashi ta zama “bone”. Mutanen arewacin ƙasar da na Sikotlan ba su bi su ba, a can sai aka samu “stane” da “hame” da “bane”. Haka “hal” ta rabu gida biyu. A kudu ta zama “whole”, wadda muke koya wa yara a darasin lissafi idan ana maganar cikakkiyar lamba; harafin “w” da ke gabanta ma baƙo ne, daga baya marubuta suka liƙa mata shi. A arewa kuwa ta zama “hale”. Daidaitaccen Turanci ya ginu ne a kan karin kudu, na wajen Landan, amma sai ya karɓi wannan 'yar arewa ya ba ta aiki na musamman. Mu Hausawa ba baƙin irin wannan ba ne. Bakano ya ce “zauna”, Basakkwace ya ce “zamna”. Wancan ya ce “sauka”, wannan ya ce “sabka”. Kuma “malam” da “mu'allimi” kalma ɗaya ce ta Larabci da ta shigo mana ta ƙofa biyu, kowace ta kama wurin zamanta.

Dangin kalmar suna da yawa, kuma duk mun san su, sai dai ba mu san 'yan ɗaki ɗaya ba ne. “Heal”, wato warkarwa, asalinta mayar da abu cikakke bayan ya samu tsaga. “Health” ita ce halin kasancewa cikakke. Masana asalin kalmomi suna danganta “holy”, mai tsarki, da wannan tushe, kuma daga gare ta ne “holiday” ta fito, ranar hutun da ɗalibanmu suka fi ƙauna fiye da kowace kalma a manhaja. Har “hail” ta gaisuwa da kirari 'yar gidan ce, ko da yake ta wata hanya ta biyo: mutanen Denmak da Norwe da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9 su suka zo da ita, kuma abin da take nufi a bakinsu shi ne “ka kasance lafiya”. Ashe su ma da lafiya suke gaisawa. Mu da ba ma rabuwa da “ina kwana, lafiya lau”, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ita kanta “lafiya” daga “al-afiya” ta Larabci muka samo ta, kuma 'yar'uwarta ce “afuwa”, wadda muke faɗa idan majinyaci ya fara samun sauƙi.

Akwai kuma masu kama da dangi alhali ba su haɗa komai ba, kuma a nan ɗalibanmu ke faɗuwa. “Hail” ta ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan sama tushenta daban. “Inhale” da “exhale”, shaƙar numfashi da fitar da shi, daga harshen Latin suke, kamar da aka gani ta ido ce kawai. Akwai ma wata “hale” ta aikatau, wadda ta shigo daga Faransanci, ma'anarta jan mutum da ƙarfi, kamar a ja shi gaban alƙali. Ita 'yar'uwar “haul” ce. Kama da wane ba ta wane.

Abokiyar tafiyarta, “hearty”, ba ta da wuya. Daga “heart” take, zuciya. Ana faɗinta ga dariyar da ta fito daga ciki, ga marhabin da aka yi wa baƙo hannu bibbiyu, ga abincin da aka ci aka yi nak. Idan aka haɗa su biyun, an kama mutum ta jiki da ta rai: gaɓoɓinsa ba tsaga, zuciyarsa a sake, yana cin tuwonsa, yana raha da jikoki. Abin da ya ɗaure su tare shi ne daɗin harafin “h” da ke farkon kowace, kamar yadda “l” ta ɗaure mana “lami lafiya” da “lafiya lau”. Kuma kamar yadda ba a cewa “lafiya lami”, haka ba a juya tasu. “Hale” ce kullum a gaba.

Yanzu bari in juyo ga 'yan'uwana masu koyar da Turanci, domin akwai maki a cikin wannan magana. A jarrabawar WAEC, rubutun insha'i yana da kaso na musamman na kiyaye ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskuren harafi yana cin rabin maki. Yaron da ya buɗe wasiƙarsa da “hail and hearty” ya yi asara tun bai fara ba, ya kuma sanar da mai dubawa cewa haddace jimlar ya yi. Matsalar tana da tushe a harshenmu. Rubutun Hausa na boko yadda aka rubuta haka ake karantawa, saboda haka yaron da ya ga “hale” a allo zai karanta ta gaɓa biyu, “ha-le”. Idan kuma ya ji ta a bakin malami, gaɓa ɗaya, sai ya nemo rubutun da ya fi kama da abin da ya ji. Maganin abin shi ne a haɗa masa ita da sa'o'inta a allo, “male”, “sale”, “tale”, “pale”, ya ga cewa “e” ta ƙarshe ba a furta ta, aikinta ta canja wasalin da ke tsakiya. Sannan a jera masa “hale”, “hell”, “heal”, “hill”, “hall”, ya yi ta faɗa har kunnensa ya rarrabe, domin irin waɗannan tagwayen ne ake tambaya a takardar lafazi. Ni a ganina ma, gara a hana yara buɗe wasiƙa da wannan jimla gaba ɗaya, sai fa in kakansu suke rubuta wa.

Idan ɗalibi ya ce a fassara masa, kada mu tsaya a “lafiyayye”, domin wannan “healthy” ce, kowa tana yi masa, jariri da tsoho, har akuya. Hausa ba ta rasa abin da ya fi dacewa ba. Muna cewa dattijo “yana nan garau”, “da sauran ƙwarinsa”, “bai ranƙwafa ba”. Wadda ta fi duka cika ma'anar kuwa ita ce “tsoho mai ran ƙarfe”, domin ta haɗa tsufan da mamakin da yabon a wuri guda. Turanci ma yana da maƙwabtanta, kowace da gonarta. “Fit” ta ɗan wasa ce da soja, wanda jikinsa ya dace da wani aiki. “Robust” daga sunan wani ƙaƙƙarfan itace take a harshen Latin, ta gini ce da ƙira, ko da yake ma'aikatan ofisoshinmu sun mayar da ita gishirin kowace takarda, har tattaunawa ma “robust” ce. “Vigorous” ta kuzari ce da karsashi a cikin motsi. “Spry” ta tsoho ce mai zafin nama, wanda zai tsallake kwata kana tsaye kana neman hanya. Malamin da ya rarrabe wa ɗalibansa waɗannan ya ba su abin da ya fi jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da muke sa su haddacewa, domin a gaskiya da wuya kalmomi biyu su zama ma'anarsu ɗaya sak.

Na san akwai mai cewa: Malam, Turancin Nijeriya ai ya zama namu, wa ya ce sai mun bi Ingila sau da ƙafa? Maganarsa tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da “okada” da “danfo” da “Kannywood”. Harshe na masu magana da shi ne. Idan 'yan Nijeriya sun yarda su faɗaɗa “hale and hearty” ta game jariri da amarya, ba za a kai kowa kotu ba. Iyaka mu gaya wa ɗalibi cewa mai duba jarrabawa da mai karatu na wata ƙasa za su ji ta wani iri. Faɗaɗawar ba ta tayar mini da hankali. Abin da ke damuna shi ne yadda muka rarake kalmar, muka kwashe abin da ke cikinta, muka bar ɓawo.

Ku tuna watannin da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya jiƙansa, ya yi yana jinya. Namu ne, domin ya riƙe alli kafin ya riƙe mulki. Ya bar ƙasar nan zuwa Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba 2009, aka dawo da shi cikin dare a ƙarshen Fabrairun 2010, ya rasu ranar 5 ga Mayu. A tsawon wannan lokaci jama'a ba su samu gamsasshen bayani ba, har sai da Majalisar Tarayya ta ɗauki matakin da ba a taɓa ɗauka ba domin mataimakinsa ya riƙa ƙasar. A 2017 kuma, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, shi ma Allah Ya jiƙansa, yake jinya a Landan, manyan jami'an gwamnati sun shaida wa 'yan jarida cewa yana nan “hale and hearty”. Da ya dawo a watan Maris, shi da bakinsa ya ce bai taɓa ciwo irin wannan ba, ya kuma sake komawa a watan Mayu, bai dawo ba sai Agusta. Ciwo ba abin kunya ba ne, jiki da jini ne, kuma ba ina kawo wannan don in taɓa mamata ba. Kalmar nake bi. Tun daga waɗannan shekaru, ɗan Nijeriya in ya ji an ce babban mutum yana “hale and hearty”, abin da yake fahimta shi ne jikin ya yi tsanani. Kalmar da ke nufin tukunya marar tsaga ta koma sunan tsumman da ake rufe tsagar da shi.

Wani zai ce ai mu ma haka muke, majinyaci ko yana gargara aka tambaye shi jiki sai ya ce “da sauƙi”. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. “Da sauƙi” addu'a ce da tawakkali, mai tambaya da mai amsa duk sun san ba rahoton likita ba ne, kuma mai faɗinta a kan jikinsa yake magana. Sanarwar hukuma kuwa shaida ce da ake bai wa jama'a domin su gina hukunci a kanta.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne idan aka yi amfani da irin wannan lafazi a kan ɗalibanmu. Mun ga Ƙanƙara a Disambar 2020, mun ga Jangebe a Fabrairun 2021, mun ga Kuriga a Maris na 2024. Yaran da suka kwana a daji, suka yi tafiyar ƙasa ba takalmi, suka ga bakin bindiga, idan Allah Ya kuɓutar da su muna godiya, muna kuma yaba wa duk wanda ya yi ɗawainiya. Amma duk mai rubuta sanarwa ko labari ya ji tsoron Allah kafin ya kira irin waɗannan yara “hale and hearty”. Malamin da ya karɓe su a aji bayan wata guda shi ya san wanda ke firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, da wadda ta daina magana, da wanda iyayensa suka ce shi da boko har abada. Idan an ce ba tsaga, an rufe ƙofar neman magani, domin ba a kai lafiyayye asibiti. Turanci yana da kalmomin da suka tsaya inda gaskiya ta tsaya: a ce suna raye, a ce an sako su, a ce likitoci suna duba su. Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, ya bayyana lafiya da cewa cikar walwala ce ta jiki da ta hankali da ta zamantakewa, rashin cuta kaɗai bai wadatar ba. Wannan bayani na likitocin zamani ya koma daidai kan tsohuwar ma'anar “hal”.

Ita wannan hukuma tana da wani ma'auni da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani, kuma abin sha'awa, idan aka taƙaita sunansa na Turanci haruffan da ke fitowa su ne HALE. Ma'aunin ba ya tsayawa a kan shekara nawa ake sa ran mutum zai rayu. Yana cire shekarun jinya da naƙasa, ya bar waɗanda ake sa ran za a yi cikin ƙoshin lafiya. A ƙididdigar hukumar ta 2019, na Japan ya kai kimanin shekara 74, matsakaicin duniya ya kusa 64, na Nijeriya kuwa kimanin 54. Dole in yi adalci ga wannan lamba: daga haihuwa ake lissafa ta, kuma yawan mutuwar ƙananan yara yana janyo ta ƙasa sosai, saboda haka ba tana nufin malami ɗan shekara 55 ya gama yawo ba. Shaida ga ta nan a sahun gaba. Duk da haka tazarar shekara ashirin tsakaninmu da Japan ba ƙaddara kaɗai ba ce. Akwai ruwan sha a ciki, akwai abinci, akwai asibiti, akwai albashi.

Ku riƙe wannan 54 a hannu ɗaya, ga wata lambar a ɗaya hannun. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin tarayya ta yi shelar ƙara wa malamai shekarun aiki, kuma a watan Afrilun 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 da fara aiki, maimakon 60 ko 35. Ƙungiyarmu ta daɗe tana neman wannan, kuma nasara ce, ko da yake ba duk jihohi ne suka aiwatar a lokaci ɗaya ba. To amma dokar ta ginu ne a kan wani zato, cewa malami zai kai 60 yana “hale”, har ya iya ƙara biyar a gaban allo. Tambayar da ya kamata reshe ya riƙa yi ita ce, me ake yi tun yana ɗan 35 domin wannan zato ya tabbata?

Mun san abin da aikin nan ke ci a jikin mutum. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Akwai waɗanda ke zaune a nan da ke shiga ajin da ya haura ɗari, kuma muryar da za ta kai ƙarshen irin wannan aji sau biyar a yini ba za ta kai shekara arba'in ba tare da ta dushe ba. Ga ƙurar alli a ƙirji, ga duba takardu da hasken tocila, ga tsayuwa da ke cin gwiwa da baya. Hawan jini da ciwon suga kuwa ba sa sallama, sai sun yi ɓarna ake sanin sun shigo, kuma yawancinmu ba ma zuwa awo sai mun faɗi. Ƙari a kan haka ga tunanin albashin da ba ya kai tsakiyar wata, wanda shi ma ciwo ne ko da ba a rubuta masa magani.

Bayan ritaya kuma sai a shiga wani layin. Na raka wani dattijo, wanda ya koyar da ni a aji uku na firamare, zuwa wajen tantance 'yan fansho. Tun da hantsi muke tsaye a rana har aka yi la'asar, ba benci, ba rumfa, kuma abin da aka tara su su tabbatar shi ne suna raye. A gabanmu wani ya yanke jiki ya faɗi. Ban ga laifin tantancewa ba, domin akwai masu cin fanshon matattu. Amma hukumar da ta damu ta san ko tsohon malami yana numfashi, ya kamata ta damu ta san ko yana samun maganin hawan jininsa, ko an biya shi garatutin da ya shekara yana jira. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, sai dai tsarin da ma'aikaci ke ciki ya rataya ne a kan cirewa daga albashi, kuma ranar da albashi ya tsaya, a lokacin ne jiki ya fi bukatar asibiti.

Saboda haka, ya shugaban reshe, ina da roƙo, kuma ina so sakatare ya rubuta. A nemi ganawa da hukumar kula da lafiya ta taimakekeniya ta jiha, a samo amsa a rubuce: malamin da ya ajiye aiki yana cikin tsarin ko ya fita, in ya fita nawa ne kuɗin mayar da shi, kuma wa zai biya. A cikin kuɗin ƙungiya da ake cira mana kowane wata, a ware abin da zai ɗauki nauyin awon jini da suga da ido sau ɗaya a kowane zangon karatu; na'urar awon hawan jini ba ta fi ƙarfin reshe ba, kuma a cikin matanmu da 'ya'yanmu akwai ma'aikatan jinya da za su ba da yini guda. Sannan a buɗe rajistar iyayenmu da suka yi ritaya, unguwa-unguwa, a raba wa matasan malamai, kowa ya san dattijon da zai leƙa. Idan aka zo tantancewa ta gaba, reshe ya riga kowa zuwa da rumfa da benci da ruwa, a kuma nemi a bi marasa ƙarfi har gida.

Ku kuma iyayenmu, akwai nas biyu a ɗakin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta, sun zo da kayan awo, kuma sun ce ba za su tashi ba sai sun ga kowa. Ina roƙon a fara da sahun gaba kafin a raba abinci, domin awon suga ya fi kyau kafin a ci.

Shugaban taro, na ga ka duba agogo sau biyu. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.